Wasiƙa Ga Edita: A Riƙa Shiga Ɗakunan Tsofaffinmu Ana Duba Halin Da Suke Ciki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in jawo hankalin jama'ar Jihar Kebbi da hukumominta kan wani al'amari da ba ya shiga labarai sai ranar da ɗaki ya rufta ko gobara ta tashi, wato halin da tsofaffinmu suke ciki a ɗakunan da suke kwana. Na yi aikin lafiya a matakin farko a ƙauyukan ƙasar Argungu har na ajiye aiki, kuma abin da na gani shi ne yawancin tsofaffin da ake kawowa asibiti a galabaice suna da 'ya'ya da jikoki masu ƙaunarsu. Abin da suka rasa shi ne wanda zai tuɓe takalmi ya shiga ɗakin, ya zauna, ya duba da idonsa.

Ba na zargin kowa da rashin tarbiyya, domin har gobe gaida iyaye da safe al'ada ce mai ƙarfi a ƙasar Kabi. Zaman gida ne ya sauya. A da, lokacin da ake gandu, tsoho yana tsakiyar iyalinsa, ko tari ya yi da dare akwai kunnen da zai ji. Yanzu samari sun tafi ci-rani Legas da Abuja da Fatakwal, masu aikin gwamnati suna Birnin Kebbi, 'yan mata kuma aure ya kai su wasu garuruwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin da ya sa wanda yake zuwa gida duk wata ya koma zuwa daga Sallah sai Sallah, sai kiran waya da tura kuɗi ta hannun mai POS suka maye gurbin takawa. A yankunan Danko/Wasagu da Sakaba kuwa, inda hare-haren 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka, akwai dattawan da suka bar gidajen da suka gina da hannunsu suka raɓe a gidajen dangi, a ɗakunan da ba su san lungu da saƙonsu ba.

Kiran waya yana da amfaninsa, amma duk wanda ya tashi a cikinmu ya san ba a jin gaskiyar halin tsoho ta waya. Kara da kunya ba za su bari ba. Uwa ba za ta ce wa ɗanta ta kwana da yunwa ba, balle ɗan fari wanda ko sunansa ba ta faɗa. Uba ba zai buɗe baki ya gaya wa 'yarsa cewa fitsari yana kubce masa ba. Idan aka ce, "Inna, yaya jiki?" amsar ɗaya ce, "Lafiya lau, sai godiyar Allah," ko da kuwa ta kwana uku ba ta iya miƙewa ta ɗauki buta ba. Wata ma tana ɓoyewa ne don kada ta haɗa ɗanta da matarsa faɗa, wata kuma tana tsoron a ɗauke ta daga garinsu a kai ta birni. Ziyarar Sallah ita ma ba ta nuna komai, domin ranar an share gida, an kunna turare, tsohuwa ta sha sabuwar atamfa, kuma a tsakar gida ko a zaure ake karɓar gaisuwa. Wanda yake son ya sani sai ya zo a ranar da ba ta biki ba, ya kwana a gidan, ya ga yadda dare yake yi da safiya. Gani ya kori ji.

Abu na farko da nake roƙon mai ziyara ya yi shi ne ya bi hanyar da tsohon yake bi daga shimfiɗarsa zuwa makewayi, kuma ya bi ta da dare, da irin hasken da tsohon yake da shi. A wannan 'yar tafiya ce masifu da yawa suke aukuwa. Zai tarar da dokin ƙofa mai tsawo wanda aka ɗaga don tare ruwan sama, da tabarmar da bakinta ya naɗe, da daɓen da ya farfashe, da turmi ko igiyar akuya a kan hanya, da santsin gansakuka a inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Idan ya isa makewayin ya duba bakin masai, ya ga ko katakon ko simintin da aka rufe shi da shi yana da sauran ƙwari, sannan ya tambayi kansa yadda mai shekara 80 da ciwon gwiwa yake tsugunawa ya tashi ba tare da abin dafawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne suke mutuwa a duniya duk shekara sakamakon faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikinsu. Faɗuwar da yaro zai tashi ya kakkaɓe rigarsa ita ce take karya ƙugun tsoho, kuma karayar ƙugu ba aikin maɗori ba ce, aiki ne na manyan asibitoci irin su Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi. Tsohon da aka kwantar a ɗaki watanni ana jiran ɗori ya kama, sau da yawa gyambon kwanciya da ciwon ƙirji ne suke ƙarasa shi, ba karayar ba. Alhali kuwa gyaran da zai hana wannan bai kai kuɗin buhun shinkafa ba: a rage tsawon dokin ƙofa, a kafa itace mai ƙarfi a jikin bango don dafawa, a sa kafinta ya yi kujera mai rami a tsakiya a ɗora a kan masai, a ajiye tocila mai caji da hasken rana a gefen matashin kai, a kuma tanadi fo a ɗaki saboda dare.

Wannan magana tana da alaƙa da ido. Mun saba cewa "idon ya tafi, tsufa ne," mu ba tsoho jika ya riƙa yi masa jagora. Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 84 cikin ɗari na makanta a tsakanin masu shekara 40 zuwa sama abu ne da za a iya hanawa ko a magance, kuma yanar ido ce take kan gaba. Aikin cire yana ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma na sha ganin dattijon da aka riƙo wa sanda zuwa asibiti ya koma gida yana karanta Alƙur'aninsa. Mai ziyara ya lura ko tsohon yana laluben moɗa kafin ya kama ta, ko yana gane mutane da murya kawai. Kada kuma a bari a kai shi wurin masu tsaga ido na gargajiya, domin ɓarnar da suke yi sau da yawa ba ta gyaruwa.

Bayan haka a buɗe randa. A duba ko akwai ruwa, ko yana da tsabta, wane ne yake ɗebowa, kuma ko tsohon yana iya kaiwa gare shi da kansa. Jin ƙishirwa yana raguwa da shekaru, ga shi tsofaffi da yawa suna rage shan ruwa da gangan don gudun fita makewayi da dare. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kebbi yake haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin yakan zama kamar tanderu tun daga hantsi, kuma tsohon da ba ya iya fitowa inuwa da kansa yana iya bushewa a ciki har hankalinsa ya gushe ana zaton barci yake yi. Idan azumi ya faɗo a irin wannan lokaci, ya kamata malamai su riƙa tunatarwa daga kan mumbari cewa shari'a ta yi wa tsohon da ba zai iya ba rangwame ya ciyar, domin da yawansu kunyar jikoki ce take sa su nace.

Batun abinci ma ba a tsayawa a kan cewa an kai kwano. A duba abin da ya dawo a cikin kwanon. Tsohuwar da haƙoranta suka zube ba za ta iya da dambu ko ƙanzo ko nama mai tauri ba, kuma ba za ta faɗa ba, sai dai ta miƙa wa yara ta ce ta ƙoshi. Zanen da yake kwancewa daga ƙugu da zoben da ya fara zamewa daga yatsa sun fi bakinta faɗin gaskiya. Kunun gyaɗa da fura da nono mai kyau, da tuwo mai laushi, da wake da ƙwai, da kifin da Allah ya wadata mu da shi daga Argungu har Yawuri idan an cire ƙaya, duk suna cikin abin da gida zai iya, in dai akwai wanda ya lura.

Akwai kuma 'yar leda ko gwangwanin da ake ajiye magunguna a ƙarƙashin katifa. A roƙi tsohon ya fito da ita. A nan ake samun maganin hawan jini da aka daina sha tun da ciwon kai ya lafa, alhali shi hawan jini ba a daina maganinsa sai da izinin likita, kuma dainawar ce take kai mutane ga shanyewar ɓarin jiki. A nan ake samun ƙwayoyin da wa'adinsu ya wuce, da haɗe-haɗen da aka sayo a kasuwa babu suna babu takarda, da maganin ciwon gaɓoɓi irin su diclofenac da ibuprofen waɗanda yawan shansu yake cin ciki ya kuma lalata ƙoda. Ba aikin mai ziyara ba ne ya yanke hukunci a kansu. Ya kwashe su duka, har da na gargajiya, ya kai wa ma'aikacin lafiya ya tantance, sannan a ɗora wa mutum ɗaya tak a gidan alhakin bayarwa a kan lokaci.

Kowane yanayi yana zuwa da haɗarinsa. Da hunturu ana shigar wa tsoho da kaskon gawayi a rufe ƙofa da taga don tausayi, alhali gawayin da yake ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum a cikin barci. Haka hayaƙin janareta idan an ajiye shi kusa da taga. Ga kuma igiyar leko da kyandir kusa da katifa da gidan sauro, a ɗakin wanda ba zai iya gudu ba. Da damina kuwa sai a ɗaga kai a dubi azara ko gara ta ci, a dubi indararo ko ya toshe, a dubi gindin bango ko ruwa ya fara zaizaye shi. Mutanen garuruwan da suke bakin fadamar Gulbin Kabi da gaɓar Neja ba su manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye gonakin shinkafa ta kuma rusa gidajen ƙasa masu yawa. Abin lura shi ne a gidaje da dama ɗakin da ya fi kowanne tsufa shi ne na tsohuwa, domin idan an yi sabon ginin bulo amarya ake sawa a ciki, ita kuma ta ce a bar ta inda ta saba.

Wanda yake kwance ba ya tashi yana buƙatar dubawa ta musamman, kuma a nan dole mace ta duba mace, namiji ya duba namiji, cikin sirri. A duba baya da ƙugu da dugadugai, inda fata take fara ja kafin ta fashe. Ka'idar da ake koya wa masu jinya ita ce a riƙa juya mai kwanciya kusan duk bayan awa biyu, a kuma tabbatar shimfiɗarsa a bushe take. Mai ciwon suga a duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, domin yana iya taka ƙaya bai ji ba.

Ina so in tsaya kaɗan a kan tsofaffin da hankalinsu ya fara ruɗewa, domin su ne aka fi zalunta ba tare da an san zalunci ake yi ba. Tsohuwar da take manta sunan jikokinta, take fita da dare ta ce za ta gidan mahaifinta, ko take zargin an sace mata kuɗin da ita ta ɓoye, ciwo ne a ƙwaƙwalwarta, ba iskanci ba ne, ba aljanu ba ne, ba kuma maita ba ce. Na faɗi maita ne da gangan, domin har yau akwai unguwannin da ake hana yara zuwa wurin irin wannan baiwar Allah, musamman idan ba ta haihu ba ko 'ya'yanta sun rasu. Kulle ta da kwaɗo daga waje ba mafita ba ce, kuma ranar da wuta ta tashi shi ne ajalinta. Idan kuwa ruɗewar ta zo kwatsam cikin kwana ɗaya ko biyu, to a gaggauta zuwa asibiti, domin zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko ƙarancin ruwa ko faɗuwar suga suna kawo haka, kuma ana warkewa.

Kuɗi ma a bi sawunsu. Mai turawa daga birni ya san nawa ya tura, amma bai san nawa ya isa ba. A tambaya a hannun wa katin banki yake, wane ne ya san lambar sirri, wane ne yake karɓar fansho, kuma ko an sayar da wata gona ko akuya da sunan tsohon ba da saninsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama yana fuskantar wani nau'in cin zarafi, kuma cin dukiya yana cikinsu.

Sai dai duk wannan dubawa tana iya zama fitina idan aka yi ta da isa. Tsoho ba yaro ba ne, ɗakinsa kuma nasa ne. A nemi izini kafin a taɓa kayansa, a ce, "Baba, ka yarda in gyara maka wannan ƙofar?" kada a wayi gari an kwashe masa tarkacen da yake ƙauna an zubar. Kada kuma ɗan birni ya sauka da yamma ya fara yi wa matar ƙaninsa faɗa a kan wari, alhali ita ce take wanke tsumma kullum, ga goyo ga girki ga surfe, babu mai ce mata sannu. Mai jinyar da ta gaji ita ma abar dubawa ce. A raba nauyin tsakanin 'ya'ya maza da mata, wanda ba zai iya zuwa ba ya biya wadda za ta taimaka, a kuma riƙa ba mai jinya hutu. Ɗauke tsoho zuwa birni ya zama mataki na ƙarshe kuma da yardarsa, domin raba shi da masallacinsa da majalisarsa da maƙwabtan da suka san shi tun yana saurayi yakan karya shi fiye da ciwon da ake gudu. Littattafan tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ya kasance yana zuwa yi wa wata tsohuwa makauniya hidima a gefen Madina, sai ya riƙa tarar da wani ya riga shi, da ya yi fako sai ya ga Halifa Abubakar ne. Shugaban al'umma ne da kansa yake shiga ɗakin, bai tsaya a aike ba.

Wannan ne ya kawo ni ga hukuma, domin akwai tsofaffin da ba su da kowa, kuma su ba za su karanta wannan wasiƙa su aika wa ɗa ba. Dokoki dai akwai su. A 2018 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, a 2021 kuma aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don asusun kiwon lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sanya tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a ɗauki nauyinsu, a jiharmu kuma muna da KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha. Amma duk waɗannan suna jiran tsoho ya zo ne, shi kuwa wanda ya fi buƙata shi ne wanda ba ya iya fitowa.

Ba na kiran a gina gidan gajiyayyu, domin bai dace da mu ba, ba na kuma kiran a kafa sabuwar hukuma mai motoci da ofisoshi. Muna da tsarin shiga gida-gida wanda ya riga ya kafu. Da shi aka yaƙi cutar shan inna har aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa Najeriya ta rabu da nau'inta na asali, da shi kuma ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata a lokacin damina. Matan da suke wannan aiki suna shiga gidajen da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsu, sun san kowane lungu, matan gida kuma sun saba da su. Suna wuce ƙofar ɗakin kaka su ɗiga wa jika magani su yi alama da alli a bango su fita, domin babu wanda ya ce su leƙa. Abin da nake ba da shawara shi ne a horar da su, a ƙara musu alawus daidai da ƙarin aikin, a ba su na'urar awon jini da takarda mai tambayoyi kaɗan: da wa tsohon yake kwana, ya faɗi a 'yan watannin nan, yana gani, yana cin abinci, ɗakin yana yoyo. Abin da suka samo ya tafi wurin jami'in asibitin mazaɓa da kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda yake buƙatar magani a yi masa rajistar inshora a ɗakinsa, wanda yake buƙatar yaɓe ko kwano a miƙa sunansa ga masu rabon zakka da ƙungiyoyin matasa masu aikin gayya.

Za a ce wannan tonon asirin gidaje ne. Amsata ita ce a bi ta hannun iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni da limamai da shugabannin coci, kamar yadda aka bi lokacin da jama'a suke ƙin allurar rigakafi, a kuma bar wa kowane tsoho 'yancin ya ce ba ya so. Mai unguwa ya riga ya san gwauron da yake kwana shi kaɗai da gwauruwar da maƙwabta suke ciyarwa, rubutawa ce kawai ba a yi ba. Za a kuma ce babu kuɗi. Jihar tana da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225, kuma ba lallai a fara da su duka ba. A ɗauki mazaɓa ɗaya a kowace masarauta, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, a gwada na shekara guda, a zagaya sau biyu, kafin saukar damina da kafin shigowar hunturu, sannan a lissafa abin da aka kashe da abin da aka gano.

Daga ƙarshe, Malam Edita, ina roƙon wakilanku idan sun sami zama da shugabannin ƙananan hukumomi da daraktocin lafiyarsu su yi musu tambaya ɗaya, wato tsofaffi nawa ne a yankinsu suke kwana su kaɗai a ɗaki, kuma wane ne ya shiga ya duba su a bana, sannan ku buga mana amsar da suka bayar.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin lafiya a matakin farko,
Argungu, Jihar Kebbi.